GIYA TA SAKE RIGA: Darasi Daga Bukukuwan Barasa Na Birnin Denver

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta mana masu daɗi Ya haramta mana miyagu. Tsira da amincinsa su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa a Musulunci, duk lokacin da mai wa'azi daga cikinmu ya tashi zai yi magana a kan giya, hoton da yake zana wa jama'a sananne ne. Ga mashayi nan ya faɗa kwata yara suna yi masa ature, ga bukkar burkutu a bayan gari, ga gidan giya mai jar fitila inda ake kwana ana faɗa da kwalabe. Wannan hoto gaskiya ne, ba mu musa ba. To amma giya tana da wata fuska wadda ba mu cika ambatonta a kan mumbari ba, alhali kuwa ita ce fuskar da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke cin karo da ita idan karatu ko neman abinci ya kai su ƙasashen Turawa, ita ce kuma take shigo musu har cikin ɗaki ta wayoyin hannunsu. Giya ce mai tsafta, mai lambar yabo, mai malamai da ɗalibai, wadda ake sha cikin natsuwa a ƙaramin kofi ana rubuta sharhi a takarda. Yaron da muka tsoratar da shi da mashayin kwata, ranar da ya ga farfesansa da likitansa suna shan wannan, to wa'azinmu zai zame masa kamar tatsuniya. Saboda haka muka ga ya wajaba mu ɗauki birni guda mu dube shi da kyau, domin wanda bai san sharri ba yana dab da faɗawa cikinsa.

YADDA ABIN YA FARO

Birnin Denver shi ne babban birnin jihar Colorado ta ƙasar Amurka, kuma yana cikin garuruwan da suka fi shahara da abin da suke kira giyar sana'ar hannu, wato giyar da ƙananan masana'antu ke haɗawa da nasu salon, saɓanin ta manyan kamfanoni. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka duka ba su kai 100 ba. A shekarar 1978 shugaban ƙasar, Jimmy Carter, ya sa hannu a kan dokar da ta ba mutum damar dafa giyarsa a gida ba tare da biyan haraji ba. Daga nan waɗanda suka koyi abin a madafan gidajensu suka fara buɗe ƙananan masana'antu, har ya zama a farkon shekarun 2020 adadin ya haura 9,000.

A shekarar 1982 wani mutum mai suna Charlie Papazian ya shirya taron da ya kira Babban Bikin Giya na Amurka a garin Boulder, kusa da Denver. Mutanen da suka halarta kimanin 800 ne. A 1984 aka mayar da bikin Denver, inda ya yi ta bunƙasa har ya kai ana samun mahalarta kusan 60,000 cikin kwana uku a ƙarshen shekarun 2010. Ana yin sa ne a lokacin kaka, tsakanin Satumba da Oktoba. Mutum zai sayi tikiti, a ba shi ɗan ƙaramin kofi, ya riƙa bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya ana zuba masa kimanin cokali biyu na kowace iri, cikin dubban ire-ire. A gefe guda kuma ga alƙalai suna ɗanɗanawa suna ba da lambobin zinariya da azurfa da tagulla a rukunai kusan 100.

Domin mu gane irin martabar da sana'ar ta samu a can, ya isa mu ambaci John Hickenlooper. Masanin duwatsu ne da ya rasa aikinsa, sai shi da abokansa suka buɗe gidan haɗa giya mai suna Wynkoop a Denver a 1988. Daga nan ya zama magajin garin a 2003, ya zama gwamnan jihar a 2011, ya shiga majalisar dattawan ƙasar a 2021. Babban filin wasan ƙwallon gora na birnin sunan kamfanin giya na Coors yake ɗauke da shi, kuma akwai jami'o'i a jihar da suke ba da digiri a ilmin haɗa giya. Wannan shi ne yanayin da ɗan Musulmi yake sauka a ciki da jakarsa.

TARKO UKU

Idan muka lura za mu ga wannan kasuwa a kan duwatsun murhu uku take girkinta.

Na farko shi ne biki. Mutum ɗan taro ne, yana son inda jama'a take. Biki yana cire wa abu kunya, domin abin da mutum dubu sittin suka taru a kansa da rana tsaka, da 'yan sanda suna tsaron ƙofa, da wuya zuciya ta ci gaba da ganin muninsa. Uwar waɗannan bukukuwa ita ce ta birnin Munich a Jamus, wadda ta faro a 1810 a matsayin shagalin auren yarima Ludwig, yau kuwa ta zama taron da a shekarar 2023 ya tara mutum fiye da miliyan 7. Daga bikin aure aka fara, aka ƙare da shan lita miliyoyi. Haka al'ada take, da rarrafe take shigowa kafin ta miƙe tsaye.

Na biyu shi ne giyar lokaci. Sun raba shekara, kowane yanayi da tasa. Da zafi a fito da mai sauƙi mai ƙamshin lemo, da kaka a fito da ta kabewa da kayan yaji, da sanyi a fito da baƙa mai kauri wadda suke cewa tana ɗumama jiki. Wata ma rana ɗaya tak ake fito da ita a shekara. A birnin Chicago akwai wata baƙar giya da ake tsimawa a gangunan da aka taɓa ajiye wuski, ana sakinta washegarin bikin godiyarsu na watan Nuwamba, mutane su fito cikin sanyin asuba su yi layi domin kada ta ƙare ba su samu ba. Giyar yau da kullum ƙarfin barasarta kashi 4 zuwa 5 ne cikin 100, irin wannan kuwa takan kai kashi 14, wato kwalba ɗaya ta tsaya matsayin uku. Hikimar 'yan kasuwa a nan a fili take: abin da aka ce zai ƙare gobe, zuciya ba ta tsayawa shawara a kansa. Sun yi wa mashayi kalanda, kullum yana jiran wata na gaba.

Na uku shi ne ziyarar masana'anta. A garin Golden da ke gefen Denver akwai masana'antar Coors wadda aka kafa tun 1873, baƙi suna zuwa a zaga da su. Ƙananan masana'antun cikin gari su ma haka suke yi. Za a nuna wa baƙo yadda ake jiƙa sha'ir ya tsira, a busar da shi, a niƙa, a dafa a manyan tukwanen ƙarfe masu walƙiya, a zuba furen wani tsiro mai ɗaci, a huce, a sa yis ya mayar da zaƙin ya zama barasa. Duk bayanin kamar darasin kimiyya. Amma kowace ziyara a wuri ɗaya take ƙarewa, wato ɗakin ɗanɗano. A yawancin waɗannan wurare akwai tebura a farfajiya, da motocin sayar da abinci, da wasanni, har iyaye kan zo da yaransu. Yaron da ya tashi yana wasa a gindin gangar giya, wa zai gaya masa gobe cewa akwai illa a cikinta?

SUNA BA YA CANZA HUKUNCI

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da shari'a ba ta riga ta toshe ƙofarsa ba, kuma wannan yana cikin alamomin annabcin Manzon Allah (S.A.W.).

Game da sake suna, Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Malik al-Ash'ari (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin wasu mutane daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna daban. Yau ga shi ana kiranta sana'a, ana kiranta al'ada, ana kiranta ɗanɗano.

Game da masu cewa ai wannan ta hatsi ce, abin da aka hana na inabi ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da aka aiki Abu Musa al-Ash'ari (R.A.) zuwa Yaman, ya yi tambaya a kan abin sha biyu na mutanen ƙasar, ɗaya na zuma ɗaya na sha'ir, sai aka ba shi ƙa'ida guda wadda ta haɗa duka, cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Wannan na sha'ir ɗin kuwa shi ne kakan giyar da ake biki a kanta a Denver. Sayyidina Umar (R.A.) ya tsaya a kan mumbarin Madina ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su a lokacin da haramcin ya sauka: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, sannan ya bayyana cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali.

Game da ɗan ƙaramin kofin ɗanɗano, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Cokali biyu da ganga, hukuncinsu ɗaya. Balle ma ai cokali biyu sau arba'in ya wuce kwalba uku, kuma da ma lissafin masu bikin ke nan.

Game da giyar sanyi, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Dailam al-Himyari (R.A.) ya zo wa Annabi (S.A.W.) da wannan uzurin daidai. Ya ce ƙasarsu mai sanyi ce, aikinsu mai wahala ne, suna yin wani abin sha da alkama domin ya ƙarfafa su. Tambaya ɗaya aka yi masa, ko yana sa maye. Da ya amsa da e, sai aka umurce shi da su nisance shi. Ashe tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce an riga an amsa tallar giyar hunturu.

Game da wanda zai ce ni rakiya kawai na yi, lemo na sha, to ya sani Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani da Allah da ranar lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Kuma a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, umurnin da Allah Ya bayar na nisanta ne, nisanta kuwa ya fi barin sha faɗi. Hadisin Anas (R.A.) da ke wurin Tirmizi da Ibnu Majah ya ambaci mutum goma da la'ana ta hau kansu saboda giya. Mai shan ɗaya ne kawai a cikinsu. Sauran tara sun haɗa da mai matsawa, da mai ɗauka, da mai zubawa, da mai sayarwa, da mai saye, da mai cin kuɗinta.

SHAIDA DAGA CIKIN GIDANSU

Mu ba mu jiran likita ya tabbatar mana da abin da Allah Ya hukunta. Amma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, ya koya mana auna amfanin giya da cutarwarta, don haka babu laifi mu dubi abin da ma'aunin masu shanta ya nuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya cikin shekarar 2019 kaɗai. A watan Janairun 2023 hukumar ta fito fili ta ce babu wani gwargwadon barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Tun 1988 cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar, sahu ɗaya da taba. A Amurka kanta, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa yawan shan giya ya kashe kimanin mutum 178,000 a kowace shekara tsakanin 2020 da 2021. Mutum fiye da 13,000 ne suka mutu a haɗuran mota da direbobi masu maye suka shiga ciki a shekarar 2022. A Janairun 2025 babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a rubuta gargaɗin ciwon daji a jikin kwalabe. Hanta ba ta karanta lambar zinariyar da ke jikin gwangwani. Muslim ya ruwaito cewa da Ɗariƙ bin Suwaid (R.A.) ya ce don magani yake yin giya, an sanar da shi cewa ita cuta ce, ba magani ba.

Ita kanta kalmar ƙanƙanta da suke alfahari da ita tana buƙatar bincike. A ma'aunin ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, masana'anta tana nan a matsayin ƙarama matuƙar ba ta wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, wato kusan lita miliyan 700. Sannan manyan kamfanoni sun sayi da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna. Mai wannan baƙar giya ta Chicago, wato Goose Island, tun 2011 ta koma hannun AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya. Heineken kuma ya kammala sayen Lagunitas a 2017. Ƙaramar riga ce a jikin ƙato.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne su kansu sun fara ja da baya. A shekarar 2024 masana'antun da aka rufe sun fi waɗanda aka buɗe yawa, karo na farko cikin kusan shekara ashirin. Binciken ra'ayi na cibiyar Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce suna sha, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara wannan tambaya a 1939. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To idan kasuwa ta fara mutuwa a gida, ina ɗan kasuwa zai dosa da hajarsa?

WUTAR TA KUSA GEMUNMU

Kada wani ya ce Denver nesa take. Waɗancan manyan kamfanoni biyu da muka ambata su ne ke da kaso mafi tsoka a biyu daga manyan kamfanonin giya na Nijeriya: Heineken a Nigerian Breweries, wanda ya kafa masana'anta a Kaduna tun 1963, AB InBev kuma a International Breweries. A shekarar 2017 aka yi bikin giya na ƙasa a Legas. A wannan shekarar ce kuma wata ƙaramar masana'anta irin ta Denver ta fara aiki a Abuja kafin ta koma Legas. Sunanta kalmar Hausa ce, Bature, cikin giyoyinta akwai wadda aka raɗa wa sunan hunturu, akwai kuma wadda aka haɗa da zoɓo. Ashe kalandar da muka bayyana a sama ta riga ta koyi sunayen yanayinmu da kayan lambunmu.

Akwai kuma wata mas'ala da ta shafi manoma da 'yan kasuwar hatsi. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya suka koma ga dawa, dawa kuwa a ƙasarmu ake nomanta. Manomin da ya kai buhunsa kasuwa ya sayar bai san inda za a kai ba, babu laifi a kansa. Amma dillalin da ya ƙulla yarjejeniya da masana'anta yana sane da abin da za a yi da hatsin, ya tuna cewa jumhurun malamai, har da na mazhabar Imamu Malik, sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Ya je ya zauna da malami ya warware masa kafin ya ci gaba da ciyar da iyalinsa da wannan riba.

DOKA DA ZUCIYA

A nan akwai darasin da ya kamata mu masu da'awar gyara mu tsaya a kansa fiye da kowa. Amurka ta taɓa haramta giya da ƙarfin tsarin mulki. Jihar Colorado ta fara tun 1916, ƙasar baki ɗaya ta bi a Janairun 1920. Har kamfanin Coors ya koma yin garin madara da kayan tangaran domin ya rayu. Shan giya ya ragu da farko, amma sai mashaya ta ɓoye ta cika birane, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone suka yi ƙarfi, gurɓatacciyar barasa ta kashe dubbai. A Disambar 1933 aka soke dokar. Yau a wannan jiha da ta riga ƙasar haramtawa ake yin bikin giya mafi shahara a ƙasar.

Mu kwatanta da Madina. Anas (R.A.) yana tsaye yana zuba wa manyan sahabbai giyar dabino a gidan Abu Ɗalha, sai aka ji mai shela yana cewa an haramta. Ba wanda ya ce bari in ƙarasa na hannuna. Aka tuntsurar da tuluna har ta gudana a lungunan gari, ba ɗan sanda ba kurkuku. Nana A'isha (R.A.) ta bayyana sirrin, kamar yadda Buhari ya ruwaito: abin da ya fara sauka surori ne masu ambaton Aljanna da wuta, sai da zukata suka koma ga Musulunci sannan halal da haram suka sauka, da kuwa hanin giya aka fara da shi, da mutane sun ce ba za su bari ba har abada.

Ba muna rage darajar hukunci ba ne. Haddi gaskiya ne, kuma hukumar da ta hana sayar da giya a garin Musulmi ta yi abin da ya wajaba a kanta. Abin da muke cewa shi ne, ɗanmu da ya sauka a Denver ko Landan ko Berlin, babu Hisba a can, babu idon maƙwabci, babu kunyar unguwa. Abin da ya rage masa shi ne wanda muka dasa a ƙirjinsa. Idan tsoron mutane kawai muka koya masa, to ya baro mutanen a filin jirgin sama.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na ɗaya, masu wa'azinmu da malaman Islamiyyunmu su sabunta bayaninsu. Su gaya wa matasa gaskiya cewa za su haɗu da mashaya masu ilmi, masu ladabi, masu kyauta, waɗanda ba su taɓa faɗawa kwata ba, kuma haramcin bai rataya a kan faɗawa kwata ba. Ya rataya ne a kan umurnin Wanda Ya halicci hankali. Su koyar da hadisan da muka ambata tare da dalilansu, domin yaro ya san amsa kafin ya ji tambaya.

Na biyu, iyayen da za su tura yaro waje kada su bari sai ranar tafiya za a fafe gora. Kamar yadda ake neman masa makaranta da masauki, haka za a nemo masa masallaci da jama'ar da zai jingina da ita. A Denver kanta akwai masallatai da ƙungiyar Musulmi da ta daɗe da kafuwa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kaɗaici kuwa shi ne babban dillalin mashaya.

Na uku, 'yan'uwanmu ma'aikata a can su koyi cewa a'a cikin ladabi da sakin fuska. Idan ofis ya shirya fita zuwa masana'antar giya, a faɗa wa shugaba tun da wuri, a ba da shawarar wani wurin, a gayyaci abokan aiki cin abinci a gida ko shan ruwa da azumi domin su san ƙin giya muke yi, ba ƙin su ba. Mun san abin yana da tsada wani lokaci. Amma a shekarar 2015 wata kotun tarayya a jihar Illinois ta sa a biya direbobin babbar mota biyu, Musulmi 'yan asalin Somaliya, diyyar dala 240,000 saboda an kore su a kan sun ƙi ɗaukar giya. Wanda ya tsaya a kan addininsa, sau da yawa dokar ƙasar ma takan tsaya masa. A kuma yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan giya marar barasa, domin a dokar Amurka takan iya ƙunsar har kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. Barin abin da ake kokwanto a kansa ya fi aminci.

Na huɗu, kuma wannan kanmu muke tuhuma: me waɗannan mutane suke sayarwa a haƙiƙa? Suna sayar da taro, da jiran lokaci, da alfahari da sana'ar gari, da wurin da baƙo zai zauna a san sunansa. Duk waɗannan muna da su na halal. Muna da Juma'a kowane mako, da Ramadan, da Idi biyu, da walima, da zumunci. Muna da fura da kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya da tsamiya. Amma sau nawa saurayi ya shigo masallacinmu ya fita ba wanda ya tambaye shi sunansa? Sau nawa muka hana matasa wani abu ba mu buɗe musu wata ƙofa ba? Mai gidan giya yana tarbar baƙonsa da murmushi, mu kuma wani lokaci da harara muke tarbar namu saboda tsawon wandonsa. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar izinin kowace gwamnati.

Na biyar, wanda aka jarraba da sha daga cikinmu kada mu tura shi ga Shaiɗan. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddin giya, har wani ya la'ance shi, sai Annabi (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A rufa masa asiri, a yi masa nasiha a keɓe, a raka shi asibiti, domin wanda jikinsa ya saba da barasa sosai, yankewa farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba tana iya jawo masa farfaɗiya har ma da rasa rai. Ƙofar tuba a buɗe take, kada mu zama mu ne ƙyauren da ya rufe ta.

Ya ku 'yan'uwa, giya za ta ci gaba da sake riga. Jiya a ƙwarya take, yau tana cikin gwangwani mai zane da sunan hunturu, gobe Allah kaɗai Ya san da wace kama za ta zo. Tambayar da aka yi wa Dailam ita ce za mu koya wa 'ya'yanmu su riƙa yi a gaban kowane kofi, a kowane gari: shin yana sa maye? Idan amsar e ce, magana ta ƙare.

Muna roƙon Allah Ya tsare mana hankulanmu da zuriyarmu, Ya shiryi waɗanda aka jarraba, Ya kare 'yan'uwanmu da ke baƙunta, Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya shayar da mu daga tafkin ManzonSa (S.A.W.). Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.